Shekarar da Na Yi Hira da Rijiya

Abin da idona ya fara sauka a kai ranar da aka kawo ni gidan mahaifina a Ƙofar Atiku, bayan wata mata ne. Tana durƙushe a bakin murhu, ta goya jaririya da zani mai ruwan bula, kitson kanta ya tsufa, wani siririn gashi ya kwanta a ƙeyarta yana sheƙi da zufa. Na tsaya a tsakar gida rungume da ƙullin kayana ina jiran ta waiwayo. A hanya na riga na tsara yadda abin zai kasance: za ta yar da muciya, ta taso da gudu, ta ɗaga ni sama. Ta ji sallamarmu, na ga kafaɗarta ta motsa. Amma sai ta ƙara tura kara a wuta, ta yi magana kamar da hayaƙin take.

"A kai kayan ɗaki."

Wannan ita ce mahaifiyata, Inna, kakarku da kuke rige-rigen hawa cinyarta kuna yara. Ni kuwa ina da shekara tara ko goma a lokacin.

Ku 'ya'yana, kun tashi kun iske wani labari yana yawo a dangi, wai uwarku ta taɓa yin aljanu tana ƙarama. Na sha jin ku kuna tsokanar juna da shi, ban tanka ba, don ni ma dariya yake ba ni. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan babi shi ne kwanan baya na ga jikata Ummi ta yi shiru tun da kuka koma sabuwar unguwa, tana zama a lungun kujera ba ta kula kowa, na kuma ji ana raɗe-raɗin ko wani abu ne ya shafe ta. Ina so ku karanta wannan, ku kuma karanta wa yaran, har ita Ummin.

Ni ce 'yar fari. A zamaninmu, a cikin garin Sakkwato, mace mai tarbiyya ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta shiga maganarsa ko da dukansa ake yi a gabanta. Uba ma haka. Wannan ita ce kunyar ɗan fari, kuma da ita ake auna mutuncin mace. Don haka ana yaye ni aka miƙa ni ga Kaka, mahaifiyar Inna, a Ƙofar Taramniya. Inna takan zo gaishe ta, ta zauna, ta tashi, ba ta dube ni ba. Ni a zatona wata yayata ce mai girman kai. Sai a zaman makokin Kaka wata tsohuwa ta nuna min ita da leɓe, ta ce ga uwar da ta haife ni can.

Kaka kuwa bakinta bai san hutu ba. Ƙuli-ƙuli take yi na sayarwa, kuma tun daga suyar gyaɗa har zuwa matsar mai magana take. Tana yi da kaji, tana yi da gwiwarta mai ciwo, tana yi da ni. Ba ta kirana Asma'u sai in na yi laifi. Kullum Ma'u ƙawata. Kwano ɗaya muke ci, tabarma ɗaya muke kwana. In na dawo daga makaranta ba ta bari in ajiye allo sai na ba ta labarin duk abin da na gani, har akuyar wa ta haihu, har wa ya faɗi a kwata.

"To, sai mi? Ƙara man, ƙawata. Ke kam ba ki iya tsegumi ba, wa za ya aure ki haka?"

Ban san ana iya ganin abu a rasa wanda za a faɗa wa ba, sai da ta rasu.

Gidanmu na Ƙofar Atiku cike yake da mutane. Ga ƙannena da aka haifa bayana, ga 'ya'yan Baffa, yayan mahaifina, ga Gwaggo Kulu, babbar yayarsu duka, wadda gidanta ke manne da namu, da 'yar ƙofa a bangon tsakani da take shigowa ta nan ba sallama. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya hana ni abinci. Hasali ma karrama ni aka yi. Gwaggo ta ce 'yar gaban tsohuwa ba ta saba da wawason yara ba, a riƙa zuba min nawa daban. Sai ga ni da kwanona ni kaɗai a bakin ɗaki, su kuma can sun kewaye babbar roba suna faɗa a kan tsokar nama ɗaya, suna dariya. Na riƙa kallon hannuwansu suna karo cikin miya. Da za a ba ni zaɓi tsakanin naman kwanona da a buge min hannu a cikin waccan robar, da na zaɓi bugun.

Wasanninsu suna da dokokin da aka kafa tun ban zo ba. Barkwancinsu yana da tushen da ban sani ba. Wani zai ce "kamar ranar kabewa", duk su faɗi ƙasa don dariya, ni ina tsaye kamar turmi. Baba in ya shigo yakan kira kowa da sunansa, in ya zo kaina sai ya dubi gefe ya ce, "Kowa lahiya dai?" Inna kuma ba ta taɓa aikena kai tsaye ba. Sai dai ta ce a ɗauko tsintsiya, a kawo ruwa, ni kuma in gane cewa "a" ɗin nan ni ce.

To, a nan ne abin ya fara, kuma ina so ku saurara da kyau don ku gane shi in ya zo muku. Ba ciwo ba ne irin na kai ko na ciki da za ka nuna da yatsa. Da fari kamar na haɗiye ƙwallon goriba ya tsaya min a ƙirji. Daga baya sai muryoyin mutane suka fara yi min nisa, kamar na nutsa kaina cikin randa ana magana a waje. Ya fi tsanani lokacin da gida ya fi cika. In ni kaɗai ce a ɗaki da sauƙi. Amma in ana hira ana shewa, sai in ji sanyi yana hawa ƙafafuna ga kuma rana tana dukan ƙasa. Wata rana na je na tsaya cak a tsakiyar tsakar gida don in ga ko wani zai yi karo da ni. Kowa ya kewaye ni ya wuce, kamar yadda ake kewaye murhu. Daga ranar wani tunani ya shige ni wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau: ko dai ni ma na mutu tare da Kaka ne, ba a sanar da ni ba? Nakan tsunkuli cinyata in ji zafi, in ɗan samu natsuwa. Nakan duba ko ina da inuwa.

Bazara ta shigo, irin bazarar Sakkwato da ƙadangare ma ke neman ɓuya. Bayan azahar gida yakan mutu murus, kowa ya miƙe a inuwa. Ni barci ba ya zuwa. Ina yawo a bayan ɗakuna na tarar da tsohuwar rijiya wadda aka daina sha tun zuwan famfo, an rufe rabin bakinta da ruɓaɓɓen katako, reshen tsamiyar maƙwabta ya sunkuyo a kanta. Na leƙa. Can ƙasa ga sararin sama a zagaye kamar faifai, ga wata ƙaramar fuska tana kallona. Wata da watanni ba a dube ni ido cikin ido ba sai ranar. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Kaka."

Rijiya ta maido min da shi, da kauri, da taushi, kamar muryar tsohuwa daga cikin ɗaki. Na san muryata ce. Wallahi na sani. Amma amsa ce, kuma ni amsa nake nema.

Daga nan kullum in gida ya yi barci sai in je in kwanta rubda ciki a bakinta, in kwashe labarin yini in zuba. Na faɗa wa Kaka an yi tuwon dawa da miyar sure amma daddawar ba ta kai tata ba. Na faɗa mata malamin lissafi ya zauna a kan kujera mai ƙafa uku ya wuntsila. Na faɗa mata haƙorina ya fita, na jefa bisa ɗaki kamar yadda ta koya min, ba wanda ya gani. In na gama sai ƙwallon goribar nan ya ɗan sauka, in iya cin tuwon dare. Kada wani yaro a cikinku ya kwaikwaye ni. Da katakon nan ya karye, da babu ku.

Ranar da asirina ya tonu, ina tsakiyar labari na ji an fizgo ƙafata ta baya da ƙarfin da sai da haɓata ta gurje. Gwaggo Kulu ce, idanunta waje, carbinta yana rawa a wuya.

"Innalillahi! Ke! Tsakar rana, ƙarƙashin tsamiya? Da wa kike magana?"

Da na yi ƙarya, da na ce guga nake nema, da an wuce wurin da ranƙwashi biyu. Amma Kaka ba ta koya min ɓoye labari ba.

"Da Kaka."

"Wace Kaka?"

"Tawa. Tana amsawa."

Gwaggo ta saki ƙafata kamar ta taɓa garwashi, ta ja da baya tana salati. Ba muguwa ba ce, ku sani. Ta taɓa rasa ɗiya mai kamar shekaruna, zazzaɓi ya kama ta da rana tana sambatu, kafin magariba ta cika, kuma har abada Gwaggo ta tafi a kan cewa iska ce ta ɗauke ta. Da ta dube ni, waccan yarinyar ta gani.

Kafin la'asar labari ya gama dangi. Aka fara ba ni rubutu safe da yamma, aka turara ni har idona ya yi ja, aka jibga itace a bakin rijiya. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya ni shi ne aka ce yara su yi nesa da ni. Aka raba min tabarma, aka ware min moɗa. In na fito, wasa ya tsaya. Ƙanwata mai bi min ta taɓa miƙo min gyaɗa, aka buge hannunta. Dā ba a ganina. Yanzu kowa yana ganina, amma da gefen ido, ana tofa addu'a. Na rasa Kaka, na rasa rijiya. Sai na daina magana gaba ɗaya, don ban ga inda zan kai ta ba. Abinci ya ƙi wucewa. Na rame har awarwarona yana zamewa ya faɗi. Duk wanda ya gan ni sai ya girgiza kai ya ce lallai abin ya kama ta da gaske.

Ni ma na yarda. Wannan shi ne mafi munin tsoron. Manya sun ce akwai wani abu a jikina, ni kuma ga shi ina jin abu zaune a ƙirjina, mai nauyi, mai sanyi, ba ya tashi. Me zai hana in yarda? Nakan yi lamo ina sauraron numfashina, ina tsoron in ji na biyu a ƙarƙashinsa. Na daina duba madubin Inna kada wata ta dube ni daga ciki. Ko Fatiha na zo karantawa sai in ji tsoron kada harshena ya ƙi. Aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace su, ba na musu. Amma abin da ke kaina ba shi ba ne, kuma babu wanda ya ba ni sunansa.

Sai Gwaggo ta kawo maganar wani mai magani a wani ƙauye can ƙetaren gulbi, wanda ake kai masa masu irin wannan a bar su wurinsa har su warke. A gabana matan gida suke zancen, tunda an ɗauka ba na ji. Wata ta ce hayaƙin barkono yake yi musu a rufaffen ɗaki har mai maganar ya faɗi sunansa. Wata ta ce masu gudu marin ƙarfe yake sa musu a ƙafa. Wata ta ce ai ɗiyar wane da aka kai ta dawo lafiya lau, sai dai har yau ba ta ɗaga kai. Ban san gaskiyar waɗannan ba, ban taɓa zuwa ba. Amma na san abu ɗaya: in aka rufe ni a ɗaki aka ce wanda ke cikina ya faɗi sunansa, babu sunan da zan bayar, don haka ba za a buɗe ba. Baffa ya amince, Baba ya yi shiru, shirunsa kuwa amincewa ce. Inna ba wanda ya tambaya. Ba a tambayar uwa a kan ɗan fari, ita ma ba ta sa baki. Ranar da ake yanke maganar tana gefe tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba. Na dube ta na ce a raina, shi ke nan, wannan matar ko yanka ni za a yi ba za ta bar shinkafarta ba.

Da hantsi motar ta zo, wata a-kori-kura da ke kai buhunan gero ƙauyuka. Ina jin ƙugin injinta a ƙofar gida. An ɗaure kayana a ƙullin da na zo da shi. Gwaggo ta yafa mayafi ta kama wuyan hannuna. Jana take, silifas ɗina ɗaya ya cire ban iya cewa a tsaya ba. Yara sun leƙo ta bayan ƙyaure. Muka shiga zaure, inda Baba da Baffa ke tsaye da direban. Ina hango hasken titi ta ƙofar waje, fari fat, kamar bakin wani abu.

Sai hasken tsakar gida da ke bayanmu ya dushe. Wani ya tsaya a ƙofar. Inna ce, da Nana jaririya a bayanta, hannunta duk gari, ko mayafi babu. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa taka zaure maza na ciki ba.

"Malam, a gahwarce ni. Ba ta zuwa ko'ina."

Direban ya sunkuyar da kai ya sulale waje. Gwaggo ta juyo a hankali.

"Aminatu? Kanki ɗaya? Ɗiyar hwari ta, gaban Baffanta, gaban ubanta? Ina kunyarki tat tahi?"

"Yaya, na san abin da nika yi."

"Ba ki sani ba! Koma ciki tun ba a ji ki waje ba. Magani za mu nema mata, ba sai da ta za mu yi ba."

"Ba ta da abin da kuka cewa." Inna ta gyara goyonta. Ba ta dube ni ba, bango take kallo. "Bangon madahwi shi ad dab da rijiyag ga. Kullum ina zaune nan in kun kwanta. Duk abin da tac ce, na jiya."

Baffa ya gyara tsayuwa.

"Mi tac ce?"

"Tac ce daddawata ba ta kai ta Kakarta ba. Tac ce malaminsu ya hwaɗi bisa kujera. Tac ce haƙorinta ya hita ta jehwa bisa ɗaki, ba wanda yag gani." Ta juya ga Gwaggo. "Yaya, don Allah, wane aljani aka ba labarin haƙori? Uwata ta taka kira. Ni ma uwata ta. Tun da anka kai tsohuwa makwancinta, ni ma ban samu wanda zan ba labarin komi ba. Da ba don girma ba, da kun ishe mu mu biyu bakin rijiyag ga. Kaɗaici na. Ba a yi mishi hayaƙi."

Kaɗaici. Ranar na fara jin an kira abin da suna. Na juya kalmar a raina, na ga ashe abu ne da aka sani, har babba ma yana yi, har wannan matar mai bayan da ba ya waiwayowa. Ashe ba wani ne zaune a ƙirjina ba. Wurin da Kaka ta tashi ne ya zama fili.

Gwaggo ta dubi Baba tana jiran ya tsawata wa matarsa. Baba ya kafa ido a ƙasa. Baffa ya yi gyaran murya har sau biyu, sannan ya leƙa waje ya ce wa direba ya tafi, Allah shi ba da sa'a. Gwaggo ta saki hannuna, shatin yatsunta kwance a fatata.

"To. Na ji. Amma ki sani, ran da tah hwaɗa rijiya, ke kit tura ta."

"Na ɗauka."

A littattafan soyayyar da na zo na haɗiya da ƙuruciyata, irin wannan wuri nan ne ake rungume juna, hawaye ya jiƙa kafaɗa. Inna ba ta rungume ni ba. Ta sunkuya ta ɗauki ƙullin kayana, ta juya min bayan nan nata, ta ce a ɗauko takalmin da aka yar. Na bi ta ina ɗingishi da silifas ɗaya, ina kallon Nana tana barci, kanta yana lilo.

Da azahar, gida ya kwanta, ina zaune a bakin ɗaki na ji ta daga madafi tana cewa a kawo faifai. Na kai. Ta nuna tabarma da haɓa, na zauna nesa kaɗan. Ta kwance Nana ta zaunar da ita a tsakaninmu, ta tallafe ta da matashi, ta zuba wake a faifai. Muka shiga tsinta. Can sai ta dubi jaririyar da ko zama ba ta gama iyawa ba.

"Nana, kin ji wai akwai mutanen da haƙorinsu ka hita ba su gwada ma kowa ba? Rowa ke nan. Ki ce a buɗe baki mu gani, ni da ke."

Na buɗe. Ta saci kallo da wutsiyar ido.

"Kai, Nana! Wanga giɓi ai akuya na iya wucewa."

Wani sauti ya fito daga maƙogwarona, kamar tsohon ƙyaure. Dariya ce, ta manta hanya. Na daɗe ina tattara ƙarfi, sannan na matsa kusa da kunnen jaririyar.

"Nana, ki ce ma Inna daddawarta ma da daɗi."

"Nana, ki ce ƙarya ta. Ta tsohuwa ta hi. Ni ma na sani."

Ta ɗora kwano ɗaya a tsakaninmu da sauran ɗumame, ta sa hannu, ta jira. Na sa nawa.

Haka muka samu hanya. Kullum bayan azahar Nana ce ke ɗaukar saƙo, tana tsotsar yatsan ƙafarta ba ta san an naɗa ta manzo ba. Ta bakinta na ji yadda Kaka ta taɓa korar ɓarawon kaji da ludayi, ta bakinta Inna ta ji duk tsegumin makarantarmu. Nauyin bai tashi rana ɗaya ba. Wani lokaci yakan dawo, musamman ranar Juma'a da Kaka ke min kitso. Amma yanzu in ya zo ina da sunansa, ina kuma da inda zan kai shi: "Nana, ki ce yau abin ya zo." Sai Inna ta ce wa Nana a matso kusa. Da Nana ta yi baki, wata rana ta gaji ta buga ƙafa ta ce, "Ai tana jin ki! Ga ta nan!" Muka yi dariya har da hawaye, muka kuma ci gaba da aikenta har ranar da aka kai ni ɗakin mijina.

Wannan shi ne abin da nake so Ummi da sauran jikokina su sani. Kaɗaici ba rashin mutane ba ne. Rashin wanda za ka kai wa ƙaramin labarinka ne. Ba laifi ba ne, ba hauka ba ne, kuma yana ƙara ƙiba ne in aka rufe shi. In ya zo, a faɗa, ko ta bakin jaririya ne. Ku kuma iyaye, kafin ku tambayi me ya shiga yaro, ku tambayi wa ya fita daga rayuwarsa.

Inna ta biya kuɗin abin da ta yi, ba da kuɗi ba. Kafin sati Gwaggo ta sa magina suka toshe 'yar ƙofar tsakani da laka. Ta daina cin abincin gidanmu, ta daina amsa gaisuwar Inna. Ita ce dā take mata wankan jego, ita take raka ta unguwa; haihuwa biyu da suka biyo baya Inna ita kaɗai ta dafa ruwanta. A gidan biki in ta shiga sai a taɓa juna, wata ta ɗaga murya ta ce, "A ba uwar Ma'u wuri, kada ta biyo mu zaure." A lokacin babu zagin da ya fi wannan ciwo. Baba ma ya yi watanni yana karɓar abinci ba ya ɗago kai. Inna ta rage fita, ta rage ƙawaye. Ta cire ni daga ramin, ta shiga rabinsa. Ban taɓa jin ta yi da-na-sani ba, ko ta bakin Nana.

Gwaggo Kulu ta yi tsawon rai. Ɗanta ya yi arziki ya gina mata gida a unguwar Minanata, mai dogon bango da ƙofar ƙarfe, da fanka a kowane ɗaki, sannan aiki ya ɗauke shi da iyalinsa zuwa kudu. A lokacin ina da ku biyu na farko. Sai muka fara jin wai Gwaggo ta ruɗe: tana yini a bakin ƙofa, tana tsayar da masu talla, ta sa a sauke mata tire ta yi ta juya kaya tana tambayar yarinya sunan kakanninta, ba ta saya, ba ta sallama. Dangi suka ce tsufa ne, a kai ta asibiti a ba ta maganin barci. Baba ya riga ya rasu. Inna ta ji, ta yafa mayafi ta sa aka tsayar mata da mota. Shekaru sun fi ashirin rabon da su haɗa ido. Nana ce ta raka ta, ita ta ba ni labari. Sun iske Gwaggo zaune kan kujerar roba tana kallon titi.

"Yaya, tashi mu tahi gida. Na rasa mai hwaɗa man miyata ta yi gishiri."

Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa.

"Har yanzu ba ki da kunya, Aminatu."

"Awo. Ina takalminki?"

A ɗakin Inna ta ƙare kwanakinta, gado na fuskantar gado. Kullum sai sun yi faɗa, a kan fanka, a kan tashar rediyo, a kan wanda ya ɓatar da goro. Ba ta ƙara tsayar da mai talla ba. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa ta yi kuskure a kaina ba, ba ta kuma daina kiran Inna marar kunya ba. Amma in aka kawo mata tuwo Inna tana wajen alwala, sai ta rufe shi da faifai, ta harɗe hannu, ta ce ita ba ta cin abinci ita kaɗai kamar mayya.